Gayyar da Ta Sa Aka Tsare Sarkin Noma

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Binciken Faɗuwar Jirgi Mai Saukar Ungulu a Ƙasar Kiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe, ina gaishe ka da aiki, da fatan kana lafiya kai da iyalinka da duk waɗanda kuke wannan bincike tare. Ina kuma miƙa ta'aziyya ga iyalan bayin Allah biyu da suka rasu a haɗarin. Allah Ya ba su haƙurin rashi.

Sunana Hajara. Malamar firamare ce ni a wani ƙauye da ke bayan Yako. Mijina ya rasu ya bar ni da 'ya'ya huɗu da gona ɗaya, kuma a cikin wannan gonar jirgin ya faɗi a daminar bana. Malam Sale, Sarkin Noman ƙauyenmu, wanda jami'an tsaro ke riƙe da shi a Kano bisa ƙorafin kwamitinka, wan mijina ne. Shi ne uban marayuna tun ranar da aka binne ƙaninsa. Laifin da kuka ɗora masa shi ne ya kwashe sassan jirgin, kuma ya ɓata shaida da gangan.

Na zo ofishinka ƙafa da ƙafa, mai gadi ya ce kana taro. Na sake dawowa, ya ce ka fita. Daga ƙauyenmu sai an hau babur zuwa Yako, a jira ƙaramar bas ta cika, sannan a kama hanya, kuma duk ranar da na zo yaran ajina zaman banza suke yi. Shi ya sa na rubuto maka a inda kowa zai gani. Ba roƙo na zo yi ba, ranka ya daɗe. Na zo in faɗi abin da ya faru ne, tunda har yau ba wanda ya tambaye mu.

Na farko: ranar da abin ya faru.

Bayan la'asar ne. Hadari ya haɗo daga gabas baƙi ƙirin, ina tsakar gida ina kwashe shanya, sai na ji ƙarar jirgi ta wajen Doguwa. Mun saba ganinsu suna wucewa can sama, yara su fita suna ɗaga hannu. Wannan kuwa ƙasa ƙasa ya taho, har ana ganin rubutun jikinsa. Ƙararsa tana yankewa tana dawowa kamar injin niƙan da mai ya kusa ƙare masa. Ya yi kwana a kan rafi, jelarsa ta fara juyawa, sai ya ɓace bayan ɗorayi. Daga nan muka ji ƙasa ta amsa.

Kafin in isa, maza sun riga ni. Jirgin ya tsaga gonar tun daga gefen hanya har kusan tsakiya, ya kwanta a gefe ɗaya, hayaƙi yana tashi. Akwai mutum a ciki yana ihu. Malam Sale ne ya sa gatari ya fasa ƙofar, matasa suna watsa ƙasa da fartanya a kan wutar. Da hannunsa ya kama ƙarfen ya ɓanɓare shi, ya jawo mutumin, wanda daga baya muka ji injiniyan jirgin ne. Sai da aka kwantar da shi a gindin ɗorawa sannan muka lura da hannuwan Malam Sale. Fatar tafinsa da ta yatsunsa ta saluɓe, shi kansa bai sani ba.

Sauran biyun sun riga sun cika. Muka fito da su, muka rufe su da zannuwanmu, liman ya tsaya a kansu har ruwa ya sauko. Ba mu san sunansu ba, ba mu san addininsu ba, ba mu kuma tambaya ba. Wannan duka babu shi a cikin bayanin da kwamitinka ya bayar aka karanta a rediyo. Abin da aka karanta shi ne mutanen ƙauye sun yi wa wurin dirar mikiya sun wawashe kayan jirgi.

Na biyu: abin da muka yi da sassan jirgin.

Jami'ai sun zo a ranar. Suka ɗauki gawawwakin da mai rauni, suka zagaye gangar jikin jirgin da wata leda mai ja da fari, suka bar mutum biyu su yi gadi. Ba wanda ya kira mai unguwa ya ce masa ga abin da za a yi, ga wanda ba za a yi ba. Masu gadin ma mu muka riƙa kai musu tuwo. Bayan 'yan kwanaki wata mota ta zo ta kwashe su, ko sallama ba su yi mana ba.

To, ledar nan gangar jiki kawai ta kewaye. Ragowar jirgin kuwa yana warwatse ko'ina: guntayen farfela a cikin masara, ƙusoshi, wayoyi, gilashi, har da wani dogon ƙarfe da ya cake a kunyar maƙwabcina. Masu gadi na tafiya, 'yan gwangwan suka fara zarya a kan babura, da buhunansu da ma'auninsu. Ɗaya daga cikinsu har gida ya same ni, ya ce, "Hajiya, ai abin da ya faɗo gonarki rabonki ne, faɗi kuɗinki kawai." Na ce masa ya fita kafin in tara masa jama'a.

A wajenmu, ranka ya daɗe, idan ka tsinci kayan wani ba ka barinsa a yashe. Ɗauka kake yi ka kai wa mai unguwa, a yi cigiya, a ajiye har mai shi ya zo. Da akuya ce ta ɓata haka za a yi, da buhun taki ne ya faɗo daga mota haka za a yi. Ba mu da wata doka daban ta jirgin sama, don bai taɓa faɗo mana ba. Saboda haka bayan sallar Juma'a Malam Sale ya miƙe a masallaci, hannuwansa a naɗe, ya ce, "Jama'a, kayan nan amana ne a wuyanmu. Duk wanda ya sayar da ko ƙusa ɗaya, ba da yawunmu ba. Gobe kowa ya fito mu tattara wa masu shi kayansu."

Aka fito. Aka jera sahu tun daga bakin hanya, aka bi gonar kunya kunya ana tsince komai. Wani tsoho ya dawo da ƙarfen da jikansa ya ɗauka ya ɓoye, yana ta ba da haƙuri. Aka kai zauren mai unguwa. Mu mata kuma muka ga ba mutunci ba ne a miƙa wa mutum kayansa dumu-dumu da laka, sai muka ɗebo ruwa muka wanke su tas da toka da soso, muka shanya, muka ware manya daban, ƙanana daban, muka zuba a buhuna. Ni da kaina na wanke wani ƙarfe mai haƙora wanda baƙin mai ya daskare a jikinsa, har ina alfahari da yadda ya fito fes.

Sai maganar gona. Inda jirgin ya ja ciki ya bar rami dogo, kuma kullum aka yi ruwa sai ya bi ta nan yana zaizaye ƙasa, yana tafiya da masarar da ta tsira. Lokacin huɗa yana wucewa. Gonar nan ita ce abincin 'ya'yana na shekara, albashina ba ya kai mu ƙarshen wata. Ni na je wajen Malam Sale na ce masa gonar marayu za ta tafi. Ya kira gayya, kamar yadda ake yi wa duk matar da ba ta da mai yi mata noma. Maza suka zo da garmar shanu da fartanya, muka dama kunu, muka yi tuwo, aka cike ramin, aka ta da kunyoyi, aka maye gurbin abin da ya mutu da wake. Ledarku ba wanda ya tsallaka ta. Garma ta zagaye ta, har yau ciyawa ce a cikinta.

Na uku: zuwan mutanenka.

Sai da wake ya fito ya yi ganye sannan motocinku suka iso. Mai unguwa ya tarbe su da murna, ya sa aka buɗe zaure, aka fito da buhuna. Muna tsaye muna jiran a ce mana sannu. Wani jami'inka mai farin gilashi ya kwance buhu ɗaya, ya ɗaga ƙarfen nan mai haƙora, ya juya shi, ya ɗora hannu a ka. Ya ce, "Wa ya wanke wannan?" Na ce ni ce. Ya dube ni kamar na kashe masa ɗa.

Daga baya na fahimta, don na tambaya, kuma ni ba mai ƙin koyo ba ce. An ce inda kowane guntu ya faɗi yana nuna wanda ya fara ɓallewa tun jirgin yana sama. An ce ramin da ya bari yana nuna yadda ya sauko da irin gudunsa. An ce baƙin man da na kankare ana iya gane lafiyar inji daga gare shi. Na ji, na yarda, kuma raina ya ɓaci, domin ni ma ina son a san abin da ya kashe mutanen nan da na rufe da zanena. Amma ina tambayarka, ranka ya daɗe: wa ya gaya mana? Ilimin nan a wajenku yake. Kuna da mota, kuna da waya, kuna da lambar hakimi da ta dagaci. Magana ɗaya ta isa: kada a taɓa komai, za mu biya mai gona asararta. Da an faɗe ta, Malam Sale da kansa zai kwana a bakin gonar da sanda. Kun bar wurin ba mai gadi a tsakiyar damina, a gonar da mutane ke ci daga cikinta, sannan kuna mamakin an yi noma.

Bayan mako guda aka aiko wa Malam Sale ya je Kano ya yi ƙarin bayani. Ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya ce wa iyalinsa wataƙila godiya za a yi. Tun ranar bai dawo ba.

Na huɗu: abin da garma ba ta taɓa ba.

Ban san abin da ya kayar da jirgin nan ba, kuma ba zan yi ƙaryar na sani ba. Amma tunda abin ya faru ba ni da aiki sai sauraro da tambaya, kuma duk wanda ya san harkar abu ɗaya yake faɗa: da wuya dalili ɗaya ya kayar da jirgi, abubuwa ne ke taruwa, kuma yawancinsu tun kafin ya bar ƙasa suke farawa. To, bari in tambaya a madadin ƙauyenmu.

Wa ya ba jirgin izinin tashi alhali ko yaro ya ga hadarin da ke gabas? Matuƙin ne ya ga dama, ko wani babba ne ya matsa masa don yana sauri? Yaushe rabon da a duba injin, kuma wa ya sa hannu cewa lafiyarsa ƙalau? A ina aka sha man da ke cikinsa, mai tsabta ne ko ya haɗu da ruwa? Matuƙin ya huta, ko tun safe ake wahalar da shi? Kayan da aka loda masa sun yi daidai da ƙarfinsa?

Amsoshin nan ba a gonata suke ba. Suna cikin ofisoshi masu sanyi, a hannun kamfanin da ke da jirgin da waɗanda ke sa masa ido, kuma ban ji an ce an wanke su da toka ba. Injiniyan da aka ciro yana raye, yana da baki. Gangar jikin jirgin da injinsa kun ɗauke su yadda suka faɗi. Mu da muka ga saukowarsa da idonmu mun fi a ƙirga, mata da maza, har da Fulanin da ke kiwo a bakin rafi, waɗanda ya wuce ta kansu. Mutanenka sun yini a ƙauyenmu suna ɗaukar hoton buhuna, ba wanda ya ce da ɗayanmu, "Me ka gani?"

Na ji wani masani a rediyo yana bayanin cewa ba don a sami wanda za a hukunta ake binciken haɗarin jirgi ba, don kada a sake ne. Idan haka ne, me tsare manomi zai gyara a jirgin da zai tashi gobe? Abin da nake tsoro, kuma ina faɗa a fili, shi ne a rufe binciken da cewa ba a gano dalili ba saboda ƙauyawa sun ɓata shaida. Wannan jimla za ta yi wa mutane da yawa daɗi. Wanda ya ƙi gyara inji zai yi barci, wanda ya ce a tashi cikin hadari zai yi barci, iyalan mamatan kuma a bar su suna tsine mana.

Akwai kuma abin da ba ku lissafa ba. Yanzu a Yako da Badafi da Ba'awa hirar da ake yi a majalisa ke nan. Da kunnena na ji wani matashi a tashar babura yana cewa, "Wallahi ko a ƙofar gidanmu jirgi ya faɗi, sai dai in ja ƙofa in rufe." Ba wanda ya tsawata masa. Darasin da kwamitinka ya koyar a ƙasar nan ke nan, kuma wanda zai biya kuɗinsa shi ne mutumin da zai yi ihu a cikin jirgi na gaba.

Na biyar: takardar da aka ba shi.

An rubuta wata takarda da Turanci, an ce idan Malam Sale ya amince da ita zai koma gida a ranar. Ɗansa ya ɗauko mini hotonta a waya na karanta. Tana cewa shi da mutanensa sun kwashe sassan jirgin kuma sun share alamun wurin da gangan, yana neman afuwa. Malam Sale karatun allo ya yi, ba ya sa hannu da boko, sai aka kawo tawada don ya dangwala. Da aka kama babban yatsansa aka ga babu zane a jiki, sabuwar fata ce sumul. Aka duba na hagu, haka. Na ji an ce sun tsaya shawarar ko yatsan ƙafa zai yi. Ban ji an ce wani ya tambayi yadda aka yi hannun ya ƙone ba.

Ga abin da nake nema, kuma ba alfarma ba ce.

Ka janye ƙorafin da kwamitinka ya kai, a saki Malam Sale ba tare da wani sharaɗi ba. A yaga waccan takarda. A koma gidan rediyon da aka kira mu ɓarayi a faɗi cewa ko ƙusa ba ta ɓata ba, kuma mutanen ƙauyen ne suka ciro mai rai daga wuta. Ka turo mutanenka su zauna a zauren mai unguwa su ji bakin duk wanda ya ga saukowar jirgin, da Hausa, da Fulatanci ga wanda ya fi jin sa. Idan kun gama, a fito da sakamakon da harshen da za mu fahimta, a faɗi inda aka yi sakaci ko da a ofishinku ne. Sannan a bi masallatai da kasuwannin Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa a koya wa mutane abin da ake yi idan irin wannan ta faru: a ceci rai, a kashe wuta, a bar sauran yadda yake. Ni zan fara koya wa yaran ajina, ba sai an biya ni ba.

Saura magana ɗaya, ranka ya daɗe, don ka san da wa kake yi.

A makon jiya dangi suka taru. Malam Sale dattijo ne, yana da ciwon suga, hannun bai gama warkewa ba, ƙafafunsa sun fara kumbura. Mafi yawa suka ce ya amince da takardar ya dawo, Allah Ya san gaskiya. Matarsa tana kuka, ni ma ina kuka. Aka tura ni da babban ɗansa mu kai masa saƙon. Muka same shi a kan benci, rigar nan ta Juma'a ta koma ruwan ƙasa. Ya saurari ɗansa har ya gama, sannan ya juyo gare ni ya ce, "Hajara, ke kika iya karanta abin da ke ciki, kuma saboda 'ya'yanki aka yi gayyar. Me kika ce?"

Na ce, "Yaya, takardar cewa take kai maci amana ne, kai da duk wanda ya riƙe fartanya a ranar. Kada ka dangwala."

Ya ce, "To, shi ke nan. Ku gaida gida."

Da bakina na hana shi fitowa. Matarsa ba ta yi mini magana tun ranar, kuma ban ga laifinta ba. Duk abincin da na kai baki sai na tuna yana can saboda kalmata, kuma idan wani abu ya same shi a wurin nan ban san da idon da zan dubi 'ya'yansa ba. Tsoro nake ji ƙwarai, ba zan ɓoye maka ba. Amma ko yau aka sake tambayata, amsar da zan bayar ke nan.

Saboda haka ranar Litinin mai zuwa, in Allah Ya kai mu, zan zo ofishinka. Ba ni kaɗai ba. Liman zai zo, mai unguwa zai zo, da mazan da suka yi huɗa, da matan da suka yi wanki, da tsohon da ya dawo da ƙarfe. Mun riga mun yi magana da direbobin Yako. Ba za mu yi ihu ba, ba za mu tare hanya ba. Za mu zauna a ƙofarka. Idan abin da muka yi laifi ne, tare muka yi shi, sai ka nemo wurin da zai ɗauke mu duka. Idan ba laifi ba ne, ka fito mana da dattijonmu mu koma da shi a motar da muka zo. A wannan karon ka gaya wa mai gadi kada ya wahalar da kansa, ko taron naka zai kai dare muna nan.

Ina roƙon Allah Ya ba ka ikon faɗin gaskiya ko da a kan na kusa da kai ce. Ya tsare ka a duk tafiyar da za ka yi, ta ƙasa da ta sama. Idan kuma wata rana Ya jarrabe ka da tsautsayi a bayan wani ƙauye, Ya sa mutanen wurin ba su riga sun koyi ja da baya ba.

Wassalam.

Malama Hajara,
daga wani ƙauye a bayan Yako, ƙasar Kiru.